Baba Ya Rufe Fitilar Inji Da Salatif

Assalamu alaikum Nurmat-aka, babban yayanmu,

Don girman Allah ka daure ka karanta saƙon nan har ƙarshe ka ba ni shawara, kaina ya kulle. Ba ni da wanda zan gaya wa a garin nan maganar ba ta zagaya ta koma inda nake gudu ba. Na san filinka na direbobi ne da kanikawa, mata ba su cika rubuto maka ba. Ni malamar makaranta ce, a ofishin malamai nake ganin jaridarku, kuma shafinka nake fara buɗewa don a gareji na tashi. Sunayen da zan ambata duk na sauya su, ka yi mini afuwa in na yi ta kewaye-kewaye, kwana tara ke nan ban yi barcin kirki ba.

Mijina Elmurod direba ne. Fasinja huɗu yake ɗauka daga Kokand zuwa Tashkent, ya haura dutsen Kamchik da safe ya sauko da la'asar, kwana shida a mako. Motar da gas take tafiya kamar ta kowa, tukunyar gas ɗin tana cikin but a baya. Shekararta bakwai a hannunmu, ita ce cinmu ita ce shanmu.

Mahaifina kuwa bakanike ne, Usta Tursunali, shekararsa saba'in da biyu. Shi ya koya wa mijina aiki. Elmurod maraya ne, yana ɗan shekara goma sha huɗu kawunsa ya kamo hannunsa ya kawo shi garejinmu da burodi huɗu ɗaure cikin ƙyalle, ya ce ga amana. Shekara tara ya yi a ƙarƙashin Baba. Ranar sallama aka dafa shinkafa tukunya guda, dattawan unguwa suka zauna, Baba ya yi masa fatiha, ya ciro sifana daga akwatinsa ya damƙa masa, shi kuma ya yafa wa Baba sabuwar riga mai auduga. Bayan shekara biyu Baba ya ba shi ni. Ciwon baya ne ya raba shi da kanikanci ya koma tuƙi. Har yau da furfura a gemunsa ba ya zama sai Baba ya zauna, kuma bai taɓa ce masa suruki ba, Usta yake cewa, wato malamin sana'a, hannu a ƙirji. Ba sai na gaya maka ba, Nurmat-aka, wanda usta ya yi wa fatiha ba ya ɗaukar motarsa ya kai wa wani alhali ustansa na raye. In ya yi haka kamar ya tsaya a tsakiyar kasuwa ne ya yi shelar cewa tsohon ya gama amfani. Kai, ko bonet Elmurod ba ya buɗewa ya duba bayan Baba ya rufe shi.

To ga abin da ya faru. Tun ƙarshen sanyi fitilar nan ruwan ɗorawa ta inji, wadda direbobi ke ce wa cek, ta fara kamawa. Aka kai wa Baba. Ya saurari injin, ya ce murfin tanki ne, ya canza shi, ya cire kan batir, suka sha shayi, ya mayar, fitila ta mutu. Kwana huɗu ta dawo. Na biyu ya canza fulogi. Na uku matatar gas. Na huɗu ban ma san me ya taɓa ba. Kowane zuwa dai a kan batir ake ƙarewa, a cire, a jira, a mayar, a dawo gida da murna, bayan kwana uku ko huɗu, yawanci a hawan nan kafin ramin da titi ke bi ta cikin dutse, sai ga ta kamar ba a yi komai ba. Sau shida aka yi haka.

'Yan tasha kuwa dariya suke yi masa. Wani ya ce motar gas da ba ta kunna cek ai mai ita bai fara tuƙi ba tukuna. Wani ya ce ya bar ta, ita ce shaidar injin yana nan ba a sace ba. Akwai wanda ya manna hoton ɗansa a kan tasa fitilar, wai shekara uku ke nan yaron na gadinta. Ni ma da farko na yi dariya, Allah Ya yafe mini.

Da zafi ya shigo sai abin ya sauya. Wata rana ina zuba masa ruwan wanke hannu ya gaya mini a hankali, don kada 'yarmu Zilola ta ji, cewa fitilar ta daina tsayawa cak, yanzu ƙyaftawa take yi in ya kama hawa. Motar kuma tana fizga, tana rasa ƙarfi, wani lokaci ana jin ɗoyi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Wata tsohuwa da ta zauna gaba har ta ɗage ƙafafunta ta ce, “Ɗana, murhu ka sa a ƙarƙashin nan?” Na ce, “Baban Zilola, ka kai ta wajen masu kwamfutar nan mana, ko a Tashkent ne, wa zai gan ka?” Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Ya ce, “Wa zai gan ni? Rabin tashar can 'yan Kokand ne. Kuma ko ba wanda ya gani, ni fa? Motata ce kaɗai ta rage mai shiga ƙofar garejin nan, so kike in yanka tsohon da hannuna?”

Gaskiyarsa ce kuwa, garejin ya mutu. A da motoci har bakin titi suke layi, daga Rishton da Margilan ake zuwa don Baba ya sa kunne kawai. Yanzu kowa wajen masu na'ura yake tafiya. Baba yana ce musu yaran igiya, wai in ka ƙwace musu igiyar nan da suke soka wa mota ko taya ba za su iya canzawa ba. Tun rasuwar Inna, shekara biyu ke nan, kullum da safe sai ya buɗe ƙofar garejin gaba ɗaya, ya share, ya yayyafa ruwa, ya jera sifanu, ya zauna a kan benci har azahar. Idonsa ma ya yi rauni, sai ya kai fulogi dab da hancinsa yake ganin bakinsa, amma wa ya isa ya faɗa? Ranar da ya ji ƙarar motarmu ta shigo kwanar gidan, wallahi har tafiyarsa canzawa take yi.

Zuwa na bakwai shi ne ya hana ni sakat. Ran Lahadi ne. Elmurod ya ajiye masa motar ya wuce gaisuwar mutuwa, ni kuma bayan azahar na kai wa Baba miya da burodi. Ta ƙaramar ƙofa na shiga, bai ji ni ba. Na same shi zaune a kujerar direba, ya ciro allon agogunan motar ya ɗora a cinya, ya buɗe bayansa, ga tabarau ga madubin ƙara girma, yana yanka baƙin salatif da almakashin ɗinkin Inna. Nurmat-aka, ni na riƙe wa mutumin nan fitila tun ina 'yar shekara bakwai, na san abin da idona ya gani. Ya ɗauki ɗan guntun salatif ɗin ya liƙa a daidai gurbin cek daga ciki, ya danna da babban yatsa. Sannan ya ɗago ya gan ni.

Na tsaya da kwanon a hannu. Can ya ce, “Ƙura ce ta shiga, 'yata, sharewa nake yi. Ajiye kwanon a kan benci.” Shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa jin ƙarya ta fito daga bakin mahaifina ba sai ranar. Mutumin da ya taɓa bin wani direba har Namangan a motar haya don ya tuna bai ɗaure masa noti ɗaya da kyau ba! Ni kuma me na ce? Na ce, “To Baba.” Na ajiye kwanon na fita.

Washegari na ce wa Elmurod ya sauke ni a makaranta, na shiga gaba don in tabbatar. Da ya murɗa makulli duk fitilu suka kama kamar yadda suka saba kafin inji ya tashi, ta mai, ta batir, ta birki. Gurbin cek baƙi ƙirin. Shi bai lura ba, ko kuwa ya lura ya kau da kai, Allah kaɗai Ya sani. Murna yake ta yi. Ya je gidan shayi ya cika wa 'yan tasha baki, wai hannun Usta ya fi na'urarsu, sati guda ko ƙyas. Har kankana ya sayo babba ya kai wa Baba tukuici, ina tsaye Baba ya karɓa bai ɗaga kai ba. Motar kuwa tana nan da fizgarta, ina jin yadda take shessheƙa in ya tsaya buɗe ƙofar gida, shi kuma ya ce gas ɗin wata tasha ne ba shi da kyau.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba. Ya daina cin abinci, kwanukan da nake kai masa haka nake dawo da su. Kullum da la'asar sai ya kira wayata, abin da bai taɓa yi ba. Ba gaisuwa, ba komai, kalma biyu ce, “Ya dawo?” In na ce ya dawo sai ya kashe. Jiya Elmurod ya makara saboda cunkoso, sau biyar Baba ya kira.

Yanzu ya zan yi? In na gaya wa mijina, na san ba Baba kaɗai zan kayar ba, shi ma zai karye, don duk abin da yake taƙama da shi a duniya daga mutumin nan ya samo. In na tunkari Baba, ni da ban taɓa haɗa ido da shi ina magana ba, ina tsoron zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ban iya tuƙi ba balle in saci motar in kai a duba. In kuma na yi shiru, kullum mijina na hawa dutsen nan da rayukan mutane huɗu da tukunyar gas a baya. Wani lokaci ina ce wa kaina ƙila ni ce nake zuzuta abin, ga mutane nan shekaru suna yawo da fitilar a kunne ba abin da ya same su. Ka gaya mini gaskiya, Nurmat-aka, akwai haɗari ko babu? In akwai, ta ina zan fara ba tare da na tona wa mahaifina asiri a ƙarshen rayuwarsa ba? Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma ina jin haushin kaina da na ce “To Baba.”

'Yar Usta, daga Kokand

*

Wa'alaikumus salam 'yata,

Ranar da saƙonki ya iso ban jira ranar bugawa ba, na tura miki jimla ɗaya ta lambar da kika aiko da shi: a ajiye motar. Ina fata kin gani. Ga cikakkiyar amsar, kuma na buga ta ne don na san ba gidanku kaɗai ke da irin wannan salatif ba.

Kin tambaye ni ko akwai haɗari. Akwai, kuma babba. 'Yan tasha ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba, motocin gas da yawa suna kunna cek saboda ba a daidaita gas ɗin da kwamfutar motar ba, kuma fitilar da ta tsaya cak, mota na tafiya lafiya, tana iya jiran kwana biyu kafin a duba ta. Amma taku ta wuce nan. Fitilar da ke ƙyaftawa tana nufin wani silinda yana tsallake wuta. Abin da bai ƙone a inji ba sai ya gangara salansa ya ƙone a can, cikin matatar hayaƙi, har ta yi ja. Zafin da tsohuwar nan ta ji a tafin ƙafarta ke nan, ɗoyin ma daga nan yake. Motar da ke haka tana iya rasa ƙarfi a tsakiyar wuce tirela, tana iya mutuwa a gangara birki ya yi tauri sitiyari ya yi nauyi, tana iya kama wuta. Shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran bas-bas masu hawa dutsen nan, ba zan sa jikata a motarku ba ko zuwa kasuwa ne.

Dalilin da ya sa fitilar ke ta dawowa kuwa ba wani abin mamaki ba ne. Cire kan batir ba gyara ba ne, mantar da kwamfutar ake yi. Tana samun kwana uku ko huɗu ta sake gwaje-gwajenta, ta sake tarar da ciwon yana nan, ta sake kunna fitila. Kuma duk cirewa ana goge lambar da ta ajiye, wadda ita ce za ta nuna inda ya kamata a duba. Don haka kada kowa ya ƙara taɓa batir ɗin nan kafin a karanta ta. Ba na duba mota ta wasiƙa, amma in an soka na'ura ta faɗi silindan da ke tsallakewa, sai a musanya koyil ɗinsa, mai ba fulogi wuta, da na maƙwabcinsa a ga ko ciwon ya bi shi. A duba bakin fulogi, don gas ya fi son a ɗan matse shi fiye da fetur. A gwada ta da fetur zalla a fili, a ga ko fizgar ta tafi, in ta tafi to ɓangaren gas ne. A auna matsin kowane silinda. Sannan bawul, 'yan ƙofofin nan da ke buɗe silinda su rufe. Motar da ta yi shekara bakwai tana cin gas a kan dutse, ni bawul zan fi zargi, don gas yana cin mazauninsu a hankali har su matse. Bayan an gama a leƙa matatar hayaƙin a ga ko ta tsira.

Ki riƙe maganar bawul ɗin nan da kyau, za ta yi mana amfani. Na'ura lamba kawai take bayarwa, ba ta ɗaure noti. Saita bawul aikin yatsa ne da kunne, kuma ina shakkar a duk Kokand akwai mutum biyar da suka kai mahaifinki a wannan, ko da idonsa ya yi rauni. Abin da ya gagare shi karatun lambar ne kawai, aikin minti goma.

Yanzu mahaifinki. Abin da ya yi kuskure ne mai muni, ba zan shafa masa mai ba. Ya rufe wa direba ido ya tura shi dutse da 'ya'yan mutane. Amma ban ɗauke shi mugu ba, ke ma kada ki ɗauke shi. Tsoho ne da ya kai ƙarshen saninsa sau shida, ya kasa buɗe baki ya ce wa yaron da ya rena ban sani ba. Na san ɗacin wannan kalma, ina da shekara hamsin da takwas na zauna a gaban wanda na girme wa ubansa yana koya mini karanta lambobin nan, kwana uku ban iya haɗiye abinci ba. Sai dai ki lura da abu guda. Mutumin da ke kiran waya sau biyar a yini yana tambayar ko an dawo, ya riga ya yanke wa kansa hukunci. Neman wanda zai buɗe masa ƙofa yake yi ya fita, kuma ya san ke kaɗai kika gani. Kina tsoron magana za ta taɓa zuciyarsa. Ni shirun nan na fi ji wa tsoro, shi ke hana shi cin abinci.

Mijinki ma yana da nasa kason. Girmama usta abu ne mai kyau, ni ma har ustana ya rasu ban taɓa wuce gabansa a hanya ba. Amma Elmurod shekara tara ya yi a gareji, ya san ma'anar fitila mai ƙyaftawa, ya ji motar na fizga ya ɗora wa gas laifi. Fatihar da aka yi masa ta aiki da gaskiya ce, kuma fasinjan da ya shiga motarsa bai yi wa kowane usta alkawari ba, gida kawai yake so ya kai. In shi yana so ya sadaukar da kansa don kunya, ba shi da ikon haɗawa da mutum huɗu da ba a shawarce su ba. Ke kuma 'yata, “To Baba” da kika ce ba laifi ba ne, kowace 'ya ta gari haka bakinta zai fara cewa. Kwana taran da suka biyo baya ne suka yi yawa, kada su zama goma.

Ga yadda nake ganin za ki yi. Yau ɗin nan ki ce wa mijinki motar ba za ta hau dutse ba sai an sake dubawa, kin ji yadda take shessheƙa kuma hankalinki bai kwanta ba. Wannan gaskiya ce, ba ki yi masa ƙarya ba. In ta kama ki riƙe makullin, ki riƙe, faɗan yini ɗaya ba ya kashe aure. Daga nan ki wuce wajen mahaifinki ke kaɗai, ba ɗan rakiya, ba waya. Ba sai kin haɗa ido da shi ba. Ki zauna gefensa ki ce, Baba na gani, kuma na san ba ka barci, ka cire shi da hannunka kafin wani ya gano. Kada ki yi masa wa'azi, ya fi ki sanin abin da ya yi.

Sannan ki nuna masa hanyar fita. Al'ada ta hana almajirin usta kai motarsa wani wuri, amma ba ta hana usta da kansa ya aika a yi masa awo ba. Tun zamaninmu muna kai kan inji wajen masu injin gogewa, ba wanda ya ce mun gaza. To shi zai kira Elmurod ya ce, tashi mu je a soka mata igiyar yaran nan in ga lambar. Ya zauna gaba, a je a hankali da fetur, ya karɓi lambar, a dawo garejinsa ya yi aikin, mijinki na riƙe masa abin awo yana zame masa ido. Duk wanda ya gan su a can, usta ya gani ya zo da almajirinsa, ba abin gori a ciki. Maganar salatif kuwa, shi ya kamata ya gaya wa Elmurod da bakinsa, su biyu, ƙofa a rufe. Kina tsoron mijinki zai karye. Zai ji zafi, babu shakka. Amma wanda ya ga ustansa ya sunkuyar da kai ya ce na yi kuskure, ya koyi wani abu da sifana ba ta koyarwa, kuma ban ga alamar mutumin da kika kwatanta mini zai juya wa tsohon baya ba.

In mahaifinki ya ƙi, ko ya ce ƙura ce har yanzu, to ki gaya masa cikin ladabi cewa za ki sanar da mijinki kafin rana ta faɗi, kuma ki sanar. A nan ba ni da wata dabara mai laushi da zan ba ki. Zai yi fushi, wataƙila ya yi wata bai amsa gaisuwarki ba. Ki jure.

Bari in gaya miki dalilin da ya sa na tsananta. Shekarun baya an kira mu mu janyo wata ƙaramar mota da ta ƙone a gangaren dutsen nan, mutum uku ba su fita ba. Bakaniken da ya taɓa ta na ƙarshe na san shi, dattijo ne mai hannu mai kyau, wani ɗan abu ya gani ya ce zai kai mako. Ba wanda ya kai shi kotu, ba wanda ya zage shi, iyalan ma sun ce ƙaddara ce. Ya rayu shekara tara bayan haka. A sahun baya yake sallah kusa da takalma, kuma duk inda ya hango ɗaya daga cikin marayun nan sai ya juya ya canza hanya. Na je gaishe shi yana ciwon ajali, bai tambaye ni iyalina ba, lambar motar ya karanta mini. Kina so ki rufa wa mahaifinki asiri, kuma niyyarki mai kyau ce. To wannan ne abin da za ki tsare shi daga gare shi, 'yata. Kunyar yini ɗaya a gaban surukinsa zai iya ɗauka, wancan ba zai iya ba.

Tashi ki je yanzu. Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya da taushin harshe, Ya tsare mijinki da duk wanda ya shiga motarsa, Ya sa mahaifinki ya gama da duniya lafiya hannunsa a wanke.

Nurmat-aka